Aski a Marwa: Inda "Kanka" da "Yourself" Suka Raba Hanya

Ina da wani ɗalibi, matashi haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa tun zamanin da ake tahowa hajji a ƙafa. Sana'arsa tura keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa. Ran nan ya shigo darasinmu na Turanci na bayan Isha'i ransa a jagule, ya ce, "Malam, yau na rikita wani dattijo, kuma har yanzu ban gano inda na kauce ba." Dattijon daga Ingila ya zo umra. Da suka kammala zagaye na bakwai a Marwa, sai ya tambayi yaron abin da ya rage masa. Yaro ya ce, "Now you shave yourself." Dattijo ya shafa gemunsa, ya dube shi, ya tambaya ko dole ne shi zai yi da hannunsa, kuma ina zai samo reza a wannan dare.

Na ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa abin da ka yi niyyar cewa." Ya ce, "Yanzu sai ka aske kanka." Hausarsa ba ta da aibu ko kaɗan. Abin da ya ja masa shi ne kalmar kai tana ɗauke da kaya biyu a harshenmu. Akwai kai wanda ake ɗora wa hula, akwai kuma kai wanda ke nufin mutum shi da ransa, kamar a "ya cuci kansa" ko "ta yabi kanta". Mu da gaɓar jiki muka yi amfani. Balarabe ya ɗauki nafs, wato rai. Bature kuwa kalmarsa ta self ba ta da alaƙa da gashi ko ƙeya. Yaron ya ji "kanka" a zuciyarsa, bakinsa ya furta "yourself", shi kuwa dattijo abin da ya ji shi ne a ce ya ɗauki reza ya yi wa kansa gyaran fuska. Abin da ya kamata a ce masa shi ne "Now you get your head shaved", in kuma saisaye zai yi, "get your hair trimmed", tunda mai aski ne zai yi aikin a ɗaya daga cikin shagunan da ke kusa da Harami.

Tun daga ranar nake ta juya wannan babi na kalmomin Turanci masu ƙarewa da self a raina, don na lura shi ne yake yawan kayar da yaranmu masu aiki a otal-otal na unguwannin Makka irin su Aziziyya da Misfala da Ajyad, da masu tsaron kantin magani, da 'yan matan da ke jinya a gidaje. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Larabci a titi da makaranta, sannan ga Turanci a wurin aiki, kansa cike yake da hanyoyi uku na faɗin abu ɗaya, kuma kowane allazi da nasa amanu.

Akwai inda harsunan uku suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma daga nan nake fara koyarwa, don kowane ɗalibina ya haddace misalin tun yana ƙarami. A Suratul Ƙasas, aya ta 16, Annabi Musa ya ce, "Rabbi inni zalamtu nafsi." Da Hausa, na zalunci kaina. Da Turanci, "I have wronged myself." Mai yin aikin da wanda aikin ya faɗa wa mutum ɗaya ne. A nahawun Hausa sai mu ce aikau da karɓau sun haɗu a jiki ɗaya, a na Larabci kuma fa'ili shi ne maf'uli. Tushen maganar ke nan. In ka ce "The driver blamed him", direba wani ya ɗora wa laifi. In ka ce "The driver blamed himself", laifin ya dawo gida.

Kalmomin guda 8 ne: myself, yourself, himself, herself, itself, sai na jam'i, ourselves, yourselves, themselves. Akwai kuma oneself, wadda ƙamus ke amfani da ita in ana maganar mutum ko wane ne. A wajen jam'i Larabci ya fi Hausa taimaka wa ɗalibi. Addu'ar Annabi Adamu da Hauwa'u a Suratul A'araf, aya ta 23, cewa ta yi "zalamna anfusana". Nafs ta koma anfus, kamar yadda self ke komawa selves. Mu kuwa galibi "kanmu" da "kansu" muke cewa, kai ɗin bai sauya ba, shi ya sa hannun Bahaushe ke saurin rubuta "ourself". A wani gefen kuma mu muka fi su rarrabewa, don muna da kanka da kanki, su kuwa yourself ce ta namiji da ta mace.

Wata ɗaliba mai kaifin lura ta taɓa tambayata, "Malam, tunda ana cewa myself da yourself, me ya sa ba a ce hisself da theirselves ba?" Tambayar tana kan hanya. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin shekara ta 1100, babu waɗannan kalmomi a dunƙule. Mutum kan ce abin da ya yi daidai da "ya wanke shi" alhali kansa ya wanke, in yana son ƙarfafawa sai ya ƙara self a gefe. Sannu a hankali suka manne. Wajen ƙarni na 13 "me self" ta rikiɗe ta zama myself, kamar self ɗin wani abu ne da mutum ya mallaka, amma "him self" ta tsaya yadda take. Har gobe akwai yankunan Ingila da Amurka da ake jin hisself a bakin mutane, sai dai ba ta shiga Turancin rubutu ba, kuma mai gyaran jarrabawa zai ja mata jan layi.

Haddace kalmomin ba shi ne wahala ba, a zama ɗaya ake gamawa. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin lokacin da za a sa su da lokacin da za a bar su, kuma wannan hukunci ba a hannun ma'ana yake ba, a hannun aikatau yake, wato kalmar da ke nuna aikin. Wani aikatau ba ya fita sai da rakiyar self, wani yana karɓarta in da dalili, wani kuma ko ƙofarsa ba ta zuwa. Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban littafin nahawun Turanci da suka fitar a 1985, su ma sun kasa aikatau kashi uku ta wannan fuska, ko da yake rabon nasu ya ɗan bambanta da wannan. Ni dai a aji na fi samun sauƙi in na koma wa abin da yaran suka sani daga makarantar Larabci, wato lazim da muta'addi, ko ƙi-karɓau da so-karɓau a namu nahawun. Tambayar farko kullum ita ce: wannan aikatau yana iya tsayawa shi kaɗai, ko sai an ba shi abin da zai faɗa wa?

Ɗauki enjoy. Mu "na ji daɗi" muke cewa, magana ta cika. A Turanci enjoy ba ta tsayawa haka, sai ta sami abin riƙewa. Ko dai ka ce "I enjoyed the trip", ko kuma, in babu wani takamaiman abu da za ka ambata, ka ce "I enjoyed myself". Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya tambayi iyalin da suka dawo daga Ɗa'if, "Did you enjoy?" Za su gane, kuma wannan salo ya bazu a Turancin da ake yi a nan tsakanin baƙi daga ƙasashe daban-daban. Amma kunnen wanda aka haifa da harshen zai ji jimlar ta tsaya a ƙafa ɗaya. "Did you enjoy yourselves?" ita ce cikakkiya. Ma'aikacin gidan abinci da ya ajiye faranti ya ce "Enjoy!" wannan gaisuwa ce da ta zauna da kanta, ba a gina sauran magana a kanta.

Na fi damuwa da hurt da cut da burn, saboda su a gaban likita ake buƙatarsu, lokacin da mutum ba shi da natsuwar tuna nahawu. A nan Hausa galibi ba ta sa kai. "Na ji ciwo" muke cewa, "na ƙone", "wuƙa ta yanke ni". In Bahaushe ya ce "na ƙona kaina" har ana iya zaton da gangan ya yi. Turanci kuwa a nan ne yake neman self ɗin, kuma babu ƙanshin ganganci a ciki: "I burnt myself on the kettle", "She cut herself while peeling onions", "He fell and hurt himself". Wanda ya ce wa ma'aikaciyar jinya "I cut" ya yi shiru, za ta jira ta ji me ya yanka. Haka introduce take. Sabon ma'aikaci zai ce "Let me introduce myself", a nan kuwa mun yi daidai da su, don mu ma "bari in gabatar da kaina" muke cewa.

Akwai 'yan tsirarun aikatau da ba su da wani karɓau a duniya sai self: "pride oneself on", "absent oneself from", "perjure oneself", "avail oneself of". Na takardun ofis ne da na kotu, a haddace su a dunƙule a wuce. Ta ƙarshen kawai zan ja kunne a kanta, don a tallace-tallacen kantuna a Jidda za ka ga an rubuta "avail the offer". Salon Turancin Indiya da Pakistan ne, ya kuma zauna a can, amma a jarrabawar Turanci irin ta IELTS "avail yourself of the offer" ake so.

Sai kashin da na fi ƙauna, na ayyukan da mutum ke yi wa jikinsa kullum: wash, dress, shave, bathe. Hankali zai ce a nan ne self ta fi cancanta, tunda mai wankan shi ake wankewa. Amma Bature ba ya sa ta. "I washed, dressed and went out." Dalili kuwa a fili yake: kowa ya san baligi mai lafiya shi ke yi wa kansa wanka, faɗa ma ɓata baki ne. Mu ma haka muke, "na yi wanka, na sa kaya, na fita". Larabci kuma ya cusa ma'anar cikin ginin kalmar: gasala ya wanke wani abu, igtasala ya yi wanka, babu buƙatar nafs. To yaushe ake sa ta? Sai in yin abin da kai ya zama labari. Yaro ɗan shekara 3 da ya fara sa rigarsa ba a taimaka masa ba, uwarsa za ta ce "He can dress himself now". Wata ɗalibata tana jinyar wata tsohuwa da ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Watanni tana yi mata wanka, tana sa mata kaya. Ranar da tsohuwar ta iya da hannunta, ɗalibar ta rubuta wa 'yar matar saƙo ta ce, "Your mother dressed today." Ta nuna mini, na ce, "'Yata, kin rage wa wannan labari daɗinsa. Rubuta 'Your mother dressed herself today.'" Jimlar farko cewa kawai ta yi an sa kaya. Ta biyun tana ɗauke da watannin nan duka, da ƙoƙarin tsohuwar, da albishir ga 'yarta. Kalma ɗaya ce tsakaninsu.

Waɗanda ba sa karɓar self a maganar yau da kullum su ne irin su relax, concentrate, hurry, meet, remember, complain, da sit down da get up. Wannan kuskure na fi jin sa a bakin 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijar ko Chadi suka yi boko da Faransanci, domin can "je me souviens" da "je me lève" ake cewa, wakilin sunan yana manne da aikatau. Sai su kwaso shi su ce "I remember myself that day" ko "I feel myself tired". Ta biyun nan a guje ta ƙwarai. "I feel tired" ta wadatar, kuma feel tare da myself tana iya karkata zuwa ma'anar da mai magana zai ji kunya in ya gane. Inda take halatta shi ne irin "I don't feel myself today", wato yau ba na jin daidai, ko "I felt myself falling", na ji ina faɗuwa.

Wani aikin kuma daban self ke yi wanda ba karɓau ba, shi ne ƙarfafawa, daidai da "da kaina" ko "shi kansa" a Hausa. "The manager himself came down", manaja da kansa ya sauko. "I carried the bags myself", ni na ɗauki jakunkunan da kaina. Gane ta ba wuya: cire ta ka gani. In jimla ta tsaya da ƙafarta, ta ƙarfafawa ce. In ta rushe ko ma'ana ta sauya, karɓau ce. Amma a kula, kada a jefar da karɓau na ainihi a bar ta ita kaɗai bayan aikatau. Mai son ya ce shi ya dafa abincin da kansa, in ya ce "I cooked myself", ya sa kansa a tukunya. "I cooked it myself" zai ce. In kuma wa kansa ya dafa, "I cooked myself some rice" ko "I cooked for myself". "By myself" kuwa ita ce ni kaɗai, abin da mutanen Hijaz ke cewa lihali: "She travelled to Madina by herself", ba ta da abokin tafiya.

Bayan ƙananan kalmomi irin su with da behind da near, in maganar wuri ce, tsohon tsarin nan na kafin 1100 bai mutu ba. "I brought my passport with me" ake cewa, ba "with myself" ba. "He closed the door behind him." Ba wanda zai yi zaton bayan wani ya rufe ƙofar. Amma in akwai yiwuwar a yi zaton wani ne, self ta dawo: "She was talking to herself", "He bought it for himself", "Look after yourself".

Akwai kuskure ɗaya da yake ba ni takaici, don ba namu ba ne, aro muka yi. Za ka ji an ce "The two brothers love themselves", ana nufin suna ƙaunar juna. Wannan ya yaɗu a Turancin Najeriya, kuma masana sun danganta shi da harsuna irin Yarabanci, inda kalma ɗaya ke ɗaukar ma'anar kai da ta juna. Hausa ba ta da wannan matsala. Ba Bahaushen da zai rikita "suna son kansu" da "suna son juna". Na farko zargi ne, na biyu yabo. Larabci ma ya raba anfusahum da ba'aduhum ba'adan. To don me za mu bar abin da harshen uwa ya ba mu kyauta mu ɗauko ruɗanin wani? Juna ita ce each other ko one another. "They greeted each other after the prayer." Wanda ya ce ma'aurata "love themselves" ya kira su masu son kai, ko da alheri ya nufa.

Wata ƙa'ida kuma Hausa ta riga ta koya mana ita ba mu sani ba. A "The doctor said the driver hurt himself", wa ya ji ciwo? Direba, ba likita ba. Self ba ta tsallake jimlarta ta koma wa wanda ke nesa, mai aikin da ke kusa da ita take kamawa. Masanin harshe Noam Chomsky ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida a 1981, amma gwada da Hausa ka ji: "Likita ya ce direba ya cuci kansa." Ko yaro ya san direba ake nufi. In likitan ne abin ya shafa, "ya cuce shi" za a ce, Turanci kuma "hurt him".

Wannan ƙa'ida ce ke sa ni hana ɗalibaina wani salo da suke kwafowa daga wasiƙun ofis: "Please contact myself", ko "My colleague and myself will meet you at the station". Suna ganin myself ta fi me da I nauyi da ladabi. Gaskiya ne Turawan kansu suna yin haka, musamman a harkar otal da ciniki, kuma ba jiya aka fara ba. Akwai ma inda kowa ya yarda da ita, kamar "people like yourself" ko "as for myself". Amma a "contact myself" mai tuntuɓar wani ne, wanda ake tuntuɓa wani ne, babu aikin da ya koma kan mai shi. Ka cire abokin aikin daga jimla ta biyu ka ji: "Myself will meet you." Kunne ba ya karɓa. Ra'ayina shi ne yaron da ke neman aiki ya rubuta "contact me" da "my colleague and I". Ba wanda zai raina shi don wannan, ɗayar kuwa akwai masu raina ta.

Sauran su ne maganganun da self ta narke a ciki har ma'ana ta sauya, kuma a nan ladabi ke shigowa. "Apply" neman aiki ne, "apply yourself" dagewa ce. "He found himself in Mina" daidai take da tamu, ya tsinci kansa a Mina. "Make yourself at home" ita ce nan ma gida ne, saki jikinka. "Behave yourself" ta yara ce, ba a faɗa wa babba, kamar yadda ba za ka ce wa sa'an mahaifinka "ka shiga hankalinka" ba. "Suit yourself" kuma tarko ce. Wani yaro ya ɗauka tana nufin zaɓi abin da ya yi maka, ya faɗa wa baƙuwar da ta ƙi ɗakin da aka ba ta. Ai ma'anarta ta fi kusa da "ke kika sani", da ɗan fushi a ciki. "As you wish" ko "whichever you prefer" ya kamata ya ce.

"Help yourself" ba ta nufin taimaki kanka, balle a ce an yi watsi da mutum. Ita ce bismillah ɗinmu, ita ce tafaddal. A irin wannan umarni ba a furta you, amma tana nan a ɓoye, shi ya sa yourself ke biyo baya. Kuma a yourself da yourselves ne kaɗai daidaitaccen Turancin yau ke nuna ko mutum ɗaya kake wa magana ko jama'a, tunda you ɗin ba ta sauyawa. A azumin da ya wuce, ɗalibin nan mai tura keke yana cikin masu shimfiɗa ledar buɗa-baki a harabar Harami. Ya jera dabino da ruwan Zamzam da gahawa, wasu mutum 6 daga Afirka ta Kudu suka tsaya a gefe suna jin nauyin zama. Ya ce mini har ya buɗe baki zai ce "yourself", sai ya ƙirga su da ido, ya matsa musu wuri ya ce, "Please, sit with us. Help yourselves." Suka zauna, aka kira Magariba.